Ƙasashen Musulmi da maganar sauyin yanayi: su wa ke aiki, su wa ke taro kawai?

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku raba mana gardama. Jiya bayan isha'i zafi ya hana kowa shiga ɗaki, ga ba wuta, muka kwaso tabarmi waje, sai ƙanena da ke karatu a jami'ar tarayya ta Kashere ya ɗauko mana maganar wani aiki da aka ba su a makaranta. Wai shi a ganinsa ƙasashen Musulmi su ke kan gaba yanzu a yaƙi da sauyin yanayi, hujjarsa kuwa ita ce babban taron nan na duniya da ake kira COP shekara uku a jere a ƙasashen Musulmi aka yi shi, Masar a 2022, Dubai a 2023, sai Baku ta Azarbaijan a 2024. Abokina tela ya yi dariya har da buga cinya, ya ce kai yaro karɓar baƙi ai ba aiki ba ne, ko mai gidan biki ba shi ne ango ba, kuma dukansu ukun nan mai da gas suke haƙowa. Aka yi ta musu har wajen ƙarfe ɗaya ba a rabu ba.

To ni tambayata, a cikin ƙasashen Musulmi su wa suke aiki da gaske, kuma da wane mudu ma ake auna aikin? Mu kuma nan Najeriya ina muka tsaya? A yi mana bayani da Hausar da za mu gane dan Allah, ba ta lacca ba.

Malamin Jogirafi Kumo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kuskuren farko da ku biyun kuka yi shi ne zuba su duka a kwando ɗaya. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ƙasashe 57 ne a cikinta, har da mu tun 1986, kuma a cikin su akwai Katar, inda in aka raba hayaƙin kabon, wato hayaƙin da ke ɗumama duniya, da ƙasar ke fitarwa a kan mutanenta kowa zai tashi da sama da tan 30 a shekara, akwai kuma Nijar da rabon mutum ɗaya wajen kashi ɗaya cikin goma na tan guda ne. Mu a nan ba mu kai tan ɗaya ba. Ka ga kuwa ba za a yi musu jarrabawa ɗaya ba.

Batun mudu kuma, ga yadda nake gaya wa ɗalibaina. Manoma biyu ne, ɗaya ya zuba buhu goma na takin zamani ya sami buhu ashirin na masara, ɗayan da takin shanu da tokar murhu kawai ya sami buhu sha biyar. Wa ya fi yawan masara? Na farko. Wa ya fi iya noma? Na biyu mana. To haka abin yake, ba a tambayar wa ya fi gina babban abu, ana tambayar me ka kashe, me ka samu, sannan abin da ka yi alkawari ka cika ko ba ka cika ba.

In aka bi ta nan ni Maroko nake sa wa gaba. Ba su da man kirki, kusan duk makamashinsu saye suke yi daga waje, dole ce ta sa suka juya ga rana da iska. Tashar sola ta Noor da ke Warzazat megawat 580 ce, an buɗe kashin farko a 2016, kuma sun ce nan da 2030 kashi 52 cikin ɗari na ƙarfin tashoshin wutarsu zai zama daga rana da iska da ruwa. Amma kar a zuzuta, har yau kwal ne ke ba su mafi yawan wutar da suke sha. Masar ma ta yi tashar sola ta Binban kusa da Aswan, sama da megawat 1,400. Ka kwatanta da namu na Dadin Kowa mai megawat 40 wanda aka gama dam ɗin tun shekarun 1980 amma injinan wuta sai 'yan shekarun nan suka fara juyawa.

Daular Larabawa kuwa su ne manomin buhu goma. Sun gina tashar nukiliya ta Baraka mai injina huɗu da ke ba su wajen rubu'in wutarsu, sun gina Al Dhafra ta sola megawat 2,000, sun ce za su kai matakin da hayaƙinsu ba zai ƙara komai a sama ba a 2050. Amma wanda ya shugabanci taron Dubai ɗin, Sultan Al Jaber, shi ne kuma shugaban kamfanin mansu ADNOC, wanda ke shirin ɗaga ƙarfin haƙarsa zuwa ganga miliyan biyar a kullum. Shi ya sa mutane suka yi ta cewa an ba kura ajiyar nama. In za a yi adalci dai a taron nan ne aka fara rubuta a takardar ƙarshe cewa duniya ta fara janye jiki daga mai da gas da kwal, abin da aka shekara kusan talatin ana zagaye shi. Iran kuma ko tabbatar da yarjejeniyar Faris ta 2015, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage hayaƙi, ba ta yi ba.

Saboda haka abokinka tela ya fi ƙanenka kusa da gaskiya, amma shi ma bai gama ba.

Abban Sultana:

Malam da girmanka amma ni wallahi wannan magana ba ta shiga kaina. Turawa sun shekara ɗari biyu suna ƙona kwal suka gina Ingila da Jamus da Amurka, yanzu da Allah ya nufa aka ga mai a Kolmani tsakaninmu da Bauchi, Buhari ya zo da kansa a Nuwamban 2022 ya ƙaddamar, shi ne za a ce mana mai haramun ne? Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Su suka ɓata, su gyara. Ni ban ga laifin Saudiyya ko Katar ba, arzikinsu ne.

Injiniyan Sola Tumfure:

Abban Sultana rabin maganarka gaskiya ce, kuma lissafi ma yana bayanka. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta taɓa mutum miliyan 33, ta kashe sama da 1,700, asarar ta kai wajen dala biliyan 30, alhali ƙasar ko kashi ɗaya cikin ɗari na hayaƙin duniya ba ta fitarwa. Wannan ce ta sa a taron Masar aka yarda a kafa asusun biyan asara, da aka zo Dubai aka miƙa ƙoƙon bara duk duniya abin da aka yi alkawari bai wuce dala miliyan 700 da 'yan kai ba. Biliyan 30 a ƙasa ɗaya, miliyan 700 na kowa da kowa, hhh.

Amma bari in ba ka labarin Pakistan ɗin ta ɗaya gefen, don sana'ata ce kuma ina bibiya. A 2024 kaɗai sun shigo da fanel na sola daga Sin na wajen megawat 17,000. Ba gwamnati ba ce ta saya fa, mutane ne, masu shago da masu masana'anta da manoman da ke ban ruwa, don kuɗin wuta ya yi musu tsada fanel kuma ya karye. Ba wanda ya yi musu wa'azin sauyin yanayi, aljihu ne ya yi wa'azin.

Kuma na ga irinsa da idona a garin nan. Ku tuna Oktoban 2024 da Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu, a lokacin akwai wani masallacin unguwa da na haɗa wa fanel huɗu da inbata ƙarama da batir biyu, dama don fanka da lasifika aka yi. Wallahi ranar ta huɗu da na je dubawa sai da na tsallake wayoyi kafin in kai ga inbatar, an jona soket a kan soket tun daga bayan liman har bakin ƙofa, ladan yana zaune da littafi yana rubuta sunan mai waya da kalarta kar a yi musaya, wata tsohuwa ma ta aiko jikanta da tocila a leda. Batir ya yi zafi sai da na cire rabi. Bayan wannan makon gida shida na yi wa aiki a layin nan kaɗai, kuma ba wanda ya ce min don ya ceci duniya ne, duk cewa suke man janareta ya gagare su tun da aka cire tallafi a 2023. To ka bar Turawa a gefe, ko ba su ce komai ba rana kyauta ce.

Maman Hanifa Bolari:

Ku maza duk maganarku wuta ce da megawat, ba wanda ya leƙa kicin. Ni shekara biyar ina girki da gas, da kuɗin cika silinda ya tashi na ajiye ta a bayan ƙofa na ɗauko kurfoti, kuma ba ni kaɗai ba, duk layinmu haka ne, da safe in ka fito hayaƙi kamar ana gasa bulo. Mai kawo mana gawayi da kansa ya ce min da a kusa suke samu, yanzu sai sun yi nisa cikin daji, kuma na kirya da muka fi so don ba ya saurin cinyewa ya fara wuya, sai a haɗa miki da na kowane icce. Ƙasar da Allah ya ba gas har ana ƙona shi a banza a Neja Delta, matanta na hura gawayi. Indunusiya da suka tashi raba mutane da kananzir tun 2007 ƙaramar silinda mai kilo uku suka raba wa gidaje da murhunta, suka kuma sa mata tallafi. Malam in kana auna ƙasashe ka sa wannan ma a mudun ka, don bishiyar da ake dasawa da kyamara a murhuna take ƙarewa.

Baba Mai Gandun Daji:

Assalamu alaikum. Jikana ne ya nuna min wannan zance, shi yake buga min, in kun ga kuskure nasa ne.

'Yata Maman Hanifa Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Na yi shekara talatin da wani abu a aikin gandun daji tun muna jihar Bauchi kafin a cire Gombe a 1996, kuma in za a tara dashen da na raba da hannuna da sun rayu, da daga nan har Nafada a inuwa za ku yi tafiya. Akwai shekarar da muka yi bikin dashe a wata ƙaramar hukuma da ba zan faɗi sunanta ba, aka zo da rumfa da makaɗa, babban baƙo ya sa dogon yaro a rami aka zuba masa ruwa da sabuwar buta aka tafa. Dashe dubu biyu muka sa ranar. Ba kuɗin keji, ba kuɗin mai ban ruwa, kuma an yi shi a ƙarshen damina don sai lokacin kuɗi suka fito. Na koma a watan Maris na ƙirga da kaina, goma sha ɗaya na samu a raye, su ma don suna jikin katangar makaranta ne wani maigadi yana zuba musu ruwan alwalarsa. Sauran awaki sun yi sadaka da su. Amma a rahoto dubu biyu aka rubuta, kuma dubu biyun nan ita ta tafi sama.

Shi ya sa in na ji Saudiyya ta ce za ta dasa bishiya biliyan goma, ko a nan gida an ce shirin dashen bishiyoyi na Gombe mai suna 3G da aka fara a 2019 zai dasa miliyan ɗaya duk shekara, ina murna, niyya ce mai kyau, amma tambayata ɗaya ce, nawa za a tarar bayan rani uku. Ita babbar katangar bishiyoyi ta Afirka da aka amince da ita a 2007, wadda Gombe da Bauchi na cikin jihohi 11 da ta shafa a Najeriya, da aka yi bincike a 2020 kashi huɗu cikin ɗari kacal na abin da aka nufa aka tarar an yi.

Yanzu ku saurara ku ji wanda ya ci jarrabawar malam. Maƙwabtanmu ne, Nijar, kuma Hausawa 'yan uwanmu ne na Maraɗi da Damagaram. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonakinsu sun zama fili fetal, an yi ta dashe yana mutuwa kamar namu. Sai wani bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a Maraɗi ya lura a 1983 cewa 'yan tsirrai da ke fitowa a gona waɗanda manomi ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututturan bishiyoyi ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa ta yi zurfi. Abin da ake buƙata kawai, in ka zo sharar gona kar ka sare duka, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ka bar su, ka datse sauran, shekara mai zuwa ka sake gyarawa. Wuƙa ce kawai ko lauje. Ba leda, ba gandun reno, ba tankar ruwa, ba kwangila. Suna ce masa sassabin zamani. Daga baya da hukuma ta sassauta har manomi ya san bishiyar gonarsa tasa ce ba ta ma'aikacin daji ba, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Yau ana maganar hekta wajen miliyan biyar da bishiya kusan miliyan 200, a ƙasar da kullum ake sa ta a sahun matalautan duniya.

Na je da kaina na gani lokacin ina aiki. Gawo ne ya fi yawa, kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Na tsaya a gonar wani dattijo, geron da ke gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri ƙarara, ba sai an auna ba. Matarsa kuma rassan da aka datse take girki da su, ba ta sayen icce. Na dawo na rubuta rahoto, to ka san abin da ba kwangila a cikinsa ba ya da uba.

Ɗana Abban Sultana, ba na musu da kai a kan Turawa. Amma kwarin da ke cin gidaje a cikin garin Gombe duk damina ba Bature ne ya sare bishiyoyin kan tudu ya gina gida a hanyar ruwa ba. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ko alƙiyama za ta tsaya in da dashe a hannunka ka dasa shi. Mun iya kawo hadisin a lacca, ban ruwan ne ba mu iya ba.

Abban Sultana:

Allah ya ƙara girma Baba, na karɓi ta kwari, don gidan yayata ma saura taku kaɗan ya rufta. Kuma zafi kam na san ya ƙaru, na yi aikin Hajjin 2024, shekarar da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka aka rasa alhazai sama da 1,300, a hanyar jifa na ga mutane kwance a gefen titi an rufe su da haraminsu, har yau in na tuna sai jikina ya mutu. Amma maganar Kolmani ina nan a kan bakana, in sun tashi haƙowa su haƙo.

Malamin Jogirafi Kumo:

Baba ya gama magana, ni ƙari ɗaya zan yi saboda aikin yaron. Ya rubuta cewa abin kashi biyu ne, akwai rage hayaƙi, akwai kuma shirya wa bala'in da ya riga ya taho, kuma talakan ƙasa na biyun ne ya fi shafar sa. A nan Bangaladash ce gwana. Guguwar 1970 ta kashe musu mutum aƙalla dubu 300. Suka zauna suka gina dubban gine-ginen mafaka a kan dogayen ginshiƙai waɗanda sauran kwanaki makarantu ne, suka horar da 'yan sa kai masu yawo da lasifika ƙauye ƙauye. Da guguwar Amphan ta zo a 2020 sun kwashe mutum sama da miliyan biyu kafin ta iso, waɗanda suka rasu ba su kai ko ɗari ba. Sai ka ajiye wannan kusa da daren da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya sami mutanen Maiduguri suna barci.

Mu a takarda ba a bar mu a baya ba, Buhari ya yi alkawari a taron COP na Gilasgo a 2021 cewa nan da 2060 hayaƙinmu ba zai ƙara komai a sama ba, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar, ga kuma shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace mai suna ACReSAL na Bankin Duniya dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja. Ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Abban Sultana shekara ta 2060 ɗin nan ita Saudiyya ma ta ɗauka, kuma ta ce rabin wutarta zai fito daga makamashi mai sabuntuwa irin rana da iska nan da 2030, ka san dalili? Ɗanyen mai suke ƙonawa su kunna na'urar sanyaya ɗaki da bazara, sun ga gara su sha rana a gida su sayar da man a waje. Ko su masu man sun yi lissafi.

Ɗan Jekadafari:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa tela duka, ya ce shi dai an tabbatar masa mai gidan biki ba ango ba ne, sauran bai ji ba. Ƙanena kuma ya goge shafi biyu ya koma farko yana ta ƙunƙuni.

Baba dan Allah wata tambaya ta daban. Muna da gona ta gado a hanyar Dukku, duk shekara kafin damina yara muke biya su sassabe kalgo da sabara su tara su cinna wuta, ni tun tasowata haka na ga ana yi. Bana in Allah ya kai mu ina so in gwada barin su ko a rabin gonar ne. Reshe nawa zan bari a kalgo, kuma yaya zan yi da masu shanu da masu sarar icce in mun kwashe amfani mun dawo gari? Injiniya kai ma zan neme ka, fanka biyu da firji ƙarami nake so su riƙa kwana.

Baba Mai Gandun Daji:

Uku ka bari, masu miƙewa sama, ka datse na gefe da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama kar ɓawon ya yage. Ka ɗaura musu jan ƙyalle don yaran sassabe su gane. Shanu ba su cika damun kalgo ba, masu gatari ne matsala, saboda haka kafin ka taɓa komai ka fara zuwa gaida mai unguwar wajen da maƙwabtanka na gona ka gaya musu abin da kake yi, ka ce rassan da za a datse duk shekara nasu ne. In ka sa rana ka gaya wa jikana, in ƙafata ta bar ni zan bi ka mu je in nuna maka a kututture ɗaya.